Tambayi Barista: In An Yi Rasuwa, Wa Ke Da Ta Cewa A Kan Mamaci?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin da suka taru min wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato in rai ya yi halinsa waye cikin dangi zai ce a yi sutura a nan ko a kai can. Na ɗauko huɗu, na cire sunaye kamar yadda aka saba.

TAMBAYA: Salam Barista dan Allah a ɓoye sunana. Ni a Birmingham nake da maigidana, yaranmu biyu ƙanana, a nan aka ɗaura mana aure a falon wani malami da waliyyina da shaidu da sadaki, komai dai na addini an yi amma bamu taɓa zuwa rajista ba, kullum sai ya ce za a je za a je. To yanzu ba shi da lafiya har an fara masa wankin ƙoda, kuma shi da bakinsa ya ce min in ta Allah ta kasance a binne shi a nan cikin musulmi kar a wahalar da gawarsa. Matsalar ita ce kafin ni ya auri wata baturiya a rajista, suna da ɗa da 'ya duk sun girma, ya ce ya sake ta tuntuni amma a baki ne ban taɓa ganin takardar kotu ba. Ɗan nasa ba ruwansa da addini, ya taɓa faɗa a gabana wai shi ƙona gawa ya fi masa tsafta da araha. Ga kuma yayan maigidan a Kano kullum a waya yana cewa shi ne babba, gida za a kawo shi kusa da kabarin mahaifinsu. Wlh Barista bacci ma gagarata yake. Ni da nake jinyarsa dare da rana ina da wani iko kuwa?
Daga wata baiwar Allah, Birmingham

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ba maigida lafiya Ya sa kaffara ne, ke kuma Ya ba ki ladan jinya. Zan faɗa miki gaskiya ko ba daɗi, domin yanzu ne faɗarta ke da amfani. Yadda abubuwa suke a yau, a idon dokar Ingila ba ki cikin layin ma sam.

Ga yadda suke yi. A Ingila da Wales gawa ba dukiyar kowa ba ce, ba a gadonta, amma akwai wanda doka ta ɗora wa nauyin karɓarta ya yi mata sutura, shi ne wasiyyi, wanda mamaci ya rubuta sunansa a takardar wasiyya ya ce shi zai zartar da ita. Ikon wasiyyi daga fitar rai yake farawa, ba sai ya jira wata takarda daga kotu ba, kuma yana gaba da mata da 'ya'ya da kowa. In babu wasiyya sai a koma wani jeri da ke cikin ƙa'idojin gado na 1987, ƙa'ida ta 22: miji ko mata tukuna, sai 'ya'ya, sai uwa da uba, sai shaƙiƙai, sai waɗanda aka haɗa uba kawai ko uwa kawai, sai kakanni, sai su baffa da kawu da goggo da inna. Kinga yayan nasa na Kano can wajen na huɗu yake, girman shekaru ba ya ƙara masa komai a wannan jerin.

To wace ce matar? A nan abin yake da ciwo. Da a Kano ko Zinder aka ɗaura muku aure bisa tsarin da ƙasar ta yarda da shi, Ingila takan karɓi irin wannan auren in babu wani cikas. Amma wanda aka ɗaura a cikin Ingila, a falo ko a masallacin da ba shi da rajistar ɗaurin aure, ba su ɗauke shi aure ba. A watan Fabrairun 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke haka a shari'ar wata mata da aka ɗaura mata aure a wani gidan abinci a Southall ta Landan a 1998, 'ya'yansu huɗu da mijin, kusan shekara ashirin suna tare, kotu ta ce abin da aka yi a ranar ba aure ba ne a dokarsu. Baturiyar kuwa da ya saka a baki, in dai kotu ba ta raba auren ba tana nan a matsayin matarsa, ita ce ta ɗaya a jerin ko da rabonsu da gaisawa ya kai shekara ashirin. In ita ta ce ba ruwanta sai abin ya faɗo kan 'ya'ya, a nan ne kike da 'yar ƙofa, domin dokarsu ba ta bambanta ɗan da aka haifa a auren rajista da wanda ba a nan aka haife shi ba, yaranki daidai suke da manyan, kuma tunda ƙanana ne kina iya tsaya musu. Amma wannan ƙofar ta cikin kotu take bi, da lauya da kuɗi da kwanaki, shi kuma bawan Allah yana kwance a firjin mutuware.

Kar kuma ki dogara da cewa ai ya faɗa miki da bakinsa. Ko rubutawa ya yi a wasiyya ya ce a binne ni kaza, a Ingila wannan buri ne kawai, ba ya ɗaure kowa. Tun 1882 aka kafa wannan hukuncin, a shari'ar wani mutum da ya bar wasiyya a ƙona gawarsa, iyalinsa suka binne shi, wata ƙawarsa ta samo izini ta tono shi ta kai Milan ta Italiya aka ƙona, ta dawo tana neman a biya ta kuɗinta daga dukiyarsa, kotu ta ce ba ta da ko sisi domin mutum ba ya yin wasiyya da gawarsa. Abin da ke da ƙarfi shi ne sunan mutumin da ka zaɓa. Shi ya sa nake roƙonki, a cikin satin nan ba wata mai zuwa ba, ki zauna da maigida cikin lallami ku kira lauya, suna zuwa har gadon asibiti. Ya rubuta wasiyya ya naɗa ki wasiyyiya, ya haɗa ki da wani dattijo amintacce daga masallacinku wanda ya san hanyar asibiti da maƙabarta, saboda ranar ke kanki ba za ki iya riƙe waya ba. Ya rubuta ƙarara cewa wanka da salla da binnewa irin na musulunci yake so kuma bai yarda da ƙonawa ba, wannan rubutun ko bai ɗaure kowa ba alƙali yana dubawa in an je gabansa. Sharaɗin wasiyya a can tun dokar 1837 shi ne ta zama a rubuce, ya sa hannu a gaban shaidu biyu suna tare a lokaci ɗaya, su ma su sa nasu. Ke kar ki zama shaida, duk wanda aka ba wani abu a ciki kar ya zama, in ba haka ba rabonsa ya faɗi. Kuma tunda yana jinya a nemi likita ya rubuta cewa yana cikin hayyacinsa, don kar gobe wani ya ce tursasa shi kika yi.

Maganar rajistar aurenku, ba za ta yiwu ba sai kotu ta raba na farkon, kuma ko a sabon tsarin raba aure da ya fara a Afrilun 2022 sai an ɗauki kimanin sati 26. A fara, amma kar a jira shi. Ki riƙe wannan ma: ranar da kuka yi rajista tsohuwar wasiyya ta rushe, sai dai in lauya ya rubuta a ciki cewa an yi ta ne da niyyar wannan auren, in bai rubuta ba a sake sabuwa.

In kuma Allah Ya yi ikonSa kafin a yi duk wannan, kar ki zauna kuka kawai. A take a sanar da asibiti da kamfanin jana'iza a rubuce cewa akwai jayayya, lauya ya garzaya babbar kotu ya nemi umarnin gaggawa na dakatarwa. Sashe na 116 na dokar manyan kotuna ta 1981 ya ba alƙali dama ya tsallake na gaba a jeri ya ba wani in akwai dalili na musamman, kuma abin da suke dubawa shi ne burin mamacin, da abin da iyali ke so, da inda ya fi alaƙa da shi, da kuma a yi sutura cikin mutunci ba jan lokaci. Takardar neman izinin ƙona gawa ma tana tambaya ko akwai wani na kusa da bai yarda ba.

Shi kuma Yaya, a bi shi da girmamawa, son ƙaninsa ne ya sa yake faɗa. Amma maigida ya kira shi da kansa tun yana iya magana ya faɗa masa abin da yake so, daga bakinsa zai fi shiga fiye da daga naki. A kuma bayyana masa me kawo gawa gida ke nufi, sai an sanar da jami'in binciken mutuwa na yankin a ba shi cikakkun kwana huɗu sai in shi ya rage, sai an ɗura wa gawar magani a jijiya don kar ta lalace, a sa ta a akwati mai rufin ƙarfe a liƙe, a auna ta a sikeli a loda a kago tare da kaya, ga dubban fam. Mutane suna ganin yadda marigayi Buhari ya rasu a Landan ranar 13 ga Yulin 2025 aka binne shi a Daura ranar 15 sai su ɗauka haka abin yake ga kowa, wannan gwamnati ce ta tsaya da jirginta. Annabi (SAW) cewa ya yi a gaggauta da jana'iza, kuma Birmingham cike take da musulmi da masallatai masu ɗakin wanka da motar gawa.

TAMBAYA: Barista barka da aiki. Matata ta rasu a asibiti a nan Kano, 'yar Funtua ce. Da aka zo wanka na ce zan shiga goggonta ta tare ƙofa ta ce aure ya ƙare tunda ta mutu ni yanzu bare ne. Babanta ya ce Funtua za a kai ta na ce a'a a nan ɗakinta yake, sai da liman ya sa baki aka yi a nan. Wajen salla kuma wanta ya wuce gaba ko kallona bai yi ba. Har yau abin na cina a rai, ko gaisuwar kirki bama yi. An zalunce ni ko ba a zalunce ni ba?
Daga wani magidanci, Kano

AMSA: Allah Ya jiƙanta Ya sa Aljanna makoma, Ya ba ka haƙuri ɗan'uwa. Abin da ke rikita mutane shi ne suna ɗauka iko guda ne, wanda ya samu ya kwashe duka. A fiƙihun Malikiyya da muke bi ba haka ba ne, wanka daban, salla daban, sakawa a kabari daban, kowanne da mai shi.

A wanka goggo ba ta yi daidai ba. Miji da mata su ne gaba da kowa wajen wanke junansu, har malamanmu suka ce in an yi jayayya alƙali zai hukunta wa mijin. Asma'u 'yar Umais ce ta wanke mijinta Sayyidina Abubakar, yana nan a Muwaɗɗa, Sayyidina Ali kuma ya wanke Nana Faɗima. Maganar aure ya yanke da mutuwa ra'ayin Hanafiyya ne a kan miji. Mu dai al'ada ce ta sa muka bar wa tsofaffin mata, su kewaye wuri da labule, su kawo ruwan ɗumi da ganyen magarya da turare, miji yana waje a kan tabarma yana karɓar gaisuwa, har aka manta cewa haƙƙinsa ne ya bari don kunya. Haka sakawa a kabari, kai ne gaba da danginta, kai ya kamata ka sauka ka karɓe ta ka kwantar da ita a kan damanta kafin a jera itace a shafe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa.

Amma a salla wanta bai zalunce ka ba. A mazhabar Malik miji ba shi da walicci a sallar matarsa. Wanda mamaci ya yi wasiyya ya sallace shi don fatan albarkarsa shi ne farko, sai shugaban musulmi in ya halarta, sai dangin uba na kusa: ɗa, ɗan ɗa, uba, ɗan'uwa, ɗan ɗan'uwa, kaka, baffa, ɗan baffa. Mahaifinta ne ma gaba da wan, in ya ba shi dama shi ke nan. Da kuna da ɗa baligi da shi ne gaba da su duka.

Wurin binnewa kuwa, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. An tambayi Ibn Arafa, babban malamin Malikiyya na Tunis, a kan matar da ta rasu mijinta na son maƙabartarsu danginta na son tasu, ya ce maganar danginta na uba ake bi. Ɗaukar gawa zuwa wani gari ma ya halatta in ba za ta lalace ko a keta mutuncinta ba, Sa'ad bin Abi Waƙƙas da Sa'id bin Zaid a Aƙiƙ suka rasu aka ɗauko su zuwa Madina. Kano zuwa Funtua tafiyar 'yan awanni ce, ke nan surukinka yana da hujja a hannunsa amma ya sauka ya bar maka, uba ne da 'yarsa ta rasu ya haƙura a binne ta nesa da shi. Ni a ganina wannan ya isa ka shirya ka je Funtua ka durƙusa ka gaishe shi, ka tafi da yaran in akwai.

TAMBAYA: Barista wai da gaske ne gwamnati na iya ƙwace gawa daga hannun iyali? Na ji ana maganar wani tsohon shugaban Zambiya.
Daga wani ɗalibi, Maraɗi

AMSA: Edgar Lungu ke nan, ya rasu a Pretoria ta Afirka ta Kudu ranar 5 ga Yunin 2025. Iyalinsa suka ce ya bar wasiyya kar magajinsa Hakainde Hichilema ya kusanci gawarsa, suka shirya binne shi a can, gwamnatin Zambiya ta shigar da ƙara aka dakatar da jana'izar a ranar da za a yi ta, a watan Agusta babbar kotun Pretoria ta ba gwamnati gaskiya ta ce a mayar da shi Lusaka inda ake binne shugabanninsu, iyalin suka ɗaukaka ƙara. Hujjar gwamnati ita ce tsohon shugaba na ƙasa ne gaba ɗaya. Wannan ba zai shafi ni da kai ba, inda hukuma ke riƙe gawar talaka shi ne in ana binciken musabbabin mutuwar, ko annoba, ko an rasa mai ɗauka. Wanda ya fi kama da rikicin gidajenmu shi ne na lauyan Kenya S.M. Otieno da ya rasu a Disambar 1986, matarsa Wambui 'yar Kikuyu ta ce a gonarsu kusa da Nairobi, danginsa 'yan Luo suka ce a ƙauye, aka yi wata biyar ana shari'a gawa na mutuware, a ƙarshe kotu ta bi al'adar Luo aka binne shi a Siaya a Mayun 1987, matar ba ta je ba.

TAMBAYA: Salam Barista. Ni ɗan zangon Kumasi ne ina tuƙin tasi a Bronx, ba ni da kowa a nan sai abokai da jama'ar masallaci, iyalina duk suna gida. In na faɗi yau wa zai karɓe ni? Abokina zai iya?
Daga wani ɗan'uwa, New York

AMSA: Wa alaikumus salam, Allah Ya ja kwana Ya maida kai gida lafiya. Kai naka da sauƙi. A Amurka kowace jiha da dokarta, a New York sashe na 4201 na dokar lafiyar jama'a ne, kuma wanda ya sa a farko shi ne mutumin da ka naɗa a rubuce, ko da ba danginka ba ne. Bayansa sai mata, sai abokin zama irin na miji da mata ba da aure ba, sai 'ya'yan da suka kai shekara 18, sai iyaye, sai 'yan'uwa. In ba ka rubuta ba sai an nemo iyalinka a Kumasi ana ta waya da aiko takardu kafin a saki gawar. Fom ne gajere na naɗa wakili, ka rubuta sunan abokin naka da na wani a madadinsa in shi ba ya nan, ka rubuta cewa suturar musulunci kake so kuma a nan ko a gida, ka sa hannu gaban shaidu biyu manya, shi ma wakilin ya sa hannu ya karɓa. Ka ba shi kwafi, ka ba limaminku, ka tura wa uwargida hotonsa a WhatsApp ka yi mata bayani da kanka don kar ta ji a bakin wani. In masallacinku na da asusun jana'iza da ake zubi ka shiga, kabari da kamfanin jana'iza a New York dubban daloli ne. In kuma ka koma wata jihar da zama, ka nemi fom ɗin can ka sake cikewa.